Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kano da Kwamishinan Ilimi kan malaman da ke lalata mana yara a makarantu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Gwamna Injiniya Abba Kabir Yusuf, mai girma Kwamishinan Ilimi, da 'yan majalisar dokokinmu na jiha, bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ku riƙo ya sa ku gama lafiya. Ni uwa ce a nan cikin birni, na kuma taɓa koyarwa a firamare kafin hidimar gida ta sa na ajiye. Ina rubuta wannan takarda da yawun wasu iyaye mata da muke karatu tare a Islamiyyar matan aure, cikinmu akwai waɗanda abin ya faru a kan 'ya'yansu, ba za su iya fitowa rediyo ko Facebook su faɗa ba saboda gobe yarinyar ce za a riƙa nunawa da baki a unguwa. Su suka ce in rubuta, ni ma kuma abin ya daɗe yana ci na.

A watan Yunin 2024 kun ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, mun ji daɗi wallahi, mun ga ana gyaran ajujuwa ana maganar ɗaukar malamai da kujeru da littattafai. Amma ranka ya daɗe har yau ba mu ji an tsaya an yi mana magana ƙarara a kan malamin da zai kulle aji da yarinya ba, ko wanda zai kira yaro ɗakinsa a makarantar kwana bayan an kashe fitila. Ajin da aka yi wa fenti in dai wannan mutumin yana ciki to mu iyaye hankalinmu ba a kwance yake ba.

Kada a ce abin kaɗan ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cikin yara mata huɗu a Najeriya ɗaya na fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta kai shekara 18, a maza kuma ɗaya cikin goma, sannan waɗanda ke samun wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, kuma ba duka a makaranta yake faruwa ba, amma yaro ai rabin yininsa a makaranta yake yi, boko da safe Islamiyya da yamma, wasu har da lesin da hadda.

Babban abin da ya fi ƙona mana rai shi ne yadda ake sallamar mai laifi a ɓoye. Bari in ba ku misali da abin da na gani da idona. 'Yar maƙwabciyata tana aji biyu a ƙaramar sakandare, yarinya mai surutu da son lissafi, kawai sai ta canja. Kullum daren Litinin sai ciwon ciki, da safe ta ɓoye takalmi ɗaya don kar ta tafi, in ta dawo ta shige banɗaki ta daɗe, yunifom ɗinta kuwa ita da kanta take wankewa tana ta dirza ba ta yarda kowa ya taɓa. Uwar har dukanta ta yi tana cewa lalaci ne. Sai da yayarta ta lallaɓa ta cikin dare sannan ta faɗa, ashe malamin da ke tsayar da ita bayan an tashi wai zai ƙara mata darasi ne, ya fara da ba ta kuɗin tara da ƙarin maki, daga baya ya ce in ta faɗa wa wani zai kayar da ita a jarabawa kuma ba wanda zai yarda da ita. Na raka uwar makarantar. Shugaban ya tashi ya rufe ƙofar ofis, ya sa aka kawo mana ruwa, ya sassauta murya ya ce Hajiya 'ya mace ce fa, gobe aure za ta yi, a rufa wa juna asiri, mu za mu ɗauki mataki. Matakin shi ne malamin ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa aka ba shi albashinsa ya tafi. Zangon karatu bai ƙare ba aka gan shi da alli a hannu a wata makarantar kuɗi a wata unguwar. Ita kuwa yarinyar uban ya ce ta gama boko kenan, yanzu tana gida tana taya uwarta ƙulla zoɓo.

To dan Allah wa aka hukunta a nan? Shi ya canja makaranta, ita ta rasa karatu. Kuma yaran da ke sabuwar makarantar iyayensu ba su san komai ba, sun biya kuɗin makaranta sun ba kura ajiyar nama. A makarantun gwamnati kuma abin da muke ji shi ne taransifa, a ɗauke shi daga nan a kai shi wata ƙaramar hukuma, can inda iyaye ma ba su san ƙofar da za su buga ba.

Wannan kalmar ta rufin asiri an cuce mu da ita. Malamanmu sun karantar da mu falalar suturta musulmi, gaskiya ne, amma ba su taɓa ce mana a suturta wanda ke cutar da 'ya'yan mutane ya ci gaba da yi ba. Wanda ya yi saɓo tsakaninsa da Ubangijinsa daban, wanda aka ba amanar yara ya ci daban. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Shugaban makarantar da ya ɓoye za a tambaye shi, mai unguwar da ya zo biko a janye ƙara za a tambaye shi, ku ma da kuke sama za a tambaye ku. Asirin da ya kamata a rufa na yarinyar ne, a ɓoye sunanta da fuskarta, amma a wajenmu an juya abin, sunanta ya zaga unguwa shi kuma nasa an binne.

Sai maganar yadda ake ɗaukar malamai tun farko. Kowa a Kano ya san yadda makarantun kuɗi suka cika lunguna, gida mai ɗaki huɗu an kafa allo an zama makaranta, mai makarantar yana neman wanda zai karɓi albashi kaɗan, duk wanda ya zo da takardar NCE ko ma babu sai a ce ya fara gobe. Ba a tambayar ina ka baro, me ya raba ka da su, kana da rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ko babu. Ba mu manta da Hanifa ba, yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a Disambar 2021 ya kashe ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Nata ba maganar lalata ba ce, amma ƙofar ɗaya ce, yarinya ta ga malaminta ta bi shi saboda an koya mata malam uba ne. A lokacin gwamnati ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu ta ce kowa ya sake rajista, muka ce to yanzu za a tace. Mu dai a unguwanni har yanzu muna ganin ana ɗaukar malami ba tare da an binciki bayansa ba.

Kuma ina roƙo kar a tsaya kan boko kawai. Na san wannan maganar tana da nauyi a bakin mutum amma dole a faɗa, yana faruwa a wasu Islamiyyu da makarantun allo da wajen masu zuwa gida koyar da yara. A nan ma ya fi wuyar faɗa, don yaro zai ce malamin Ƙur'ani ya yi masa kaza, uwarsa ce ta farko da za ta rufe masa baki ta ce kar ya jawo musu bala'i. Mafi yawan malaman nan bayin Allah ne masu karantarwa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ni kaina a hannunsu na tashi, kuma su ne suka fi kowa cutuwa in aka bar ɓata-gari na fakewa da rigarsu. Yara maza kuwa nasu ya fi zama a rufe, musamman a makarantun kwana, yaro zai dawo hutu ya rame ya daina magana ya ce shi ba zai koma ba, uban ya ce ragwanci ne ya mayar da shi da bulala.

Yanzu a ce iyaye sun yi ƙarfin hali sun ce sai an bi musu haƙƙi. Nan wahalar take farawa. Yawancin iyaye ba su san cewa awa 72 na farko su ne komai ba, a cikinsu ne ake ba da maganin kariya daga cutar HIV, kuma a lokacin ne likita zai iya samun shaidar da kotu za ta karɓa. Uwa da ta ji abu na farko da za ta yi shi ne ta dafa ruwan zafi ta gasa yarinya ta wanke kayan, don tausayi take yi, ba ta san shaida ta wanke ba. Akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke duba irin waɗannan yara kyauta, Allah ya saka wa ma'aikatanta da alheri, amma ku tambayi mata goma a Kurna ko Ɗorayi ko Rijiyar Zaki ku ji nawa ne suka taɓa jin sunanta. Mu da ke cikin birni kenan. Jiha mai ƙananan hukumomi 44, yarinyar da ke Doguwa ko Tudun Wada ta yaya za ta iso Murtala cikin kwana uku, uban da ba shi da kuɗin mota, kuma yana tsoron kar a gan shi?

Daga asibiti sai caji ofis. A tsayar da yarinya a kanta gaban kowa, ga masu faɗan kuɗi ga waɗanda aka kamo da daddare, namiji ya riƙa tambayarta me ya kai ki, me ya sa ba ki yi ihu ba, sau nawa. Sai a kawo kuɗin fayil, a kawo kuɗin mai a je kamo shi. Kafin yamma dangin malamin sun iso da manyan riguna, an kira uban gefe ana ba shi haƙuri, wani lokacin a tura masa 'yan kuɗi a ce na magani ne. Idan ya ƙi sai a fara, kai ne za ka tona wa 'yarka asiri, wa zai aure ta. In an daure an kai kotun majistare, ita ba ta da hurumin sauraron shari'ar fyaɗe, sai ta tura shi gidan yari a ce ana jiran shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a kafin a kai babbar kotu. Wannan jiran shi ke kashe shari'a. Wata da watanni fayil na kwance, a ɗage a sake ɗagewa, uban ɗan adaidaita ne ko yaron shago a Kantin Kwari, duk ranar kotu ranar ba cefane, ga balas na mai mashin yana jiransa. Wata rana sai ya ga mutumin a masallacin Juma'a an ba da belinsa. Daga nan sai ya ce na bar shi da Allah. Mutane su ce ai iyayen ne suka janye, ba a faɗin abin da ya gajiyar da su.

Ita ma dokar akwai gyara. A dokar Penal Code da kotunanmu ke aiki da ita, yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba ko da an ce ta yarda fyaɗe ne. To 'yar shekara 15 ko 16 da ke babbar sakandare fa, wadda malami ya riƙe mata makin gwajin aji, ko ya ce in ba ta ba shi haɗin kai ba ba za ta ci kwalifayin ba, jarabawar da sai an ci gwamnati ke biya wa ɗalibi kuɗin NECO, alhali ta san in ta faɗi babanta ba shi da kuɗin NECO? Sai lauyansa ya miƙe ya ce ai da yardarta, soyayya suke. Wace irin yarda ce tsakanin mai jan biro da wadda makomarta ke hannunsa? Dokar kare yara ta ƙasa tun 2003 take, mu Kano sai a Mayun 2023 aka sa hannu a tamu, shekara ashirin. Dokar VAPP ta hana cin zarafi tun 2015 aka yi ta a tarayya, jihohi suka yi ta karɓa, mu nan aka daɗe ana jan ƙafa. A Yunin 2020 gwamnonin ƙasar nan gaba ɗaya suka ce sun ayyana ta-ɓaci kan fyaɗe, Kaduna ma a shekarar ta tsananta hukunci har da dandaƙa. Ni ba tsananin hukunci a takarda ne ya dame ni ba, wanda ke akwai ma in ana zartar da shi da sauri da an ji tsoro.

Manyan makarantu ma haka, 'yan matanmu na jami'a da kwalejoji suna dawowa da labarin lakcaran da ke cewa a same shi a ofis bayan la'asar ko a ga kariyoba, wato ya kayar da su a kwas ɗinsa. A wasu wurare an nuna ana iya hukunta su. A 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife shekara biyu bayan ɗalibarsa ta naɗi muryarsa yana neman ta da lalata don maki, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ce ta kai shi. A 2023 ɗalibai mata na sashen shari'a a jami'ar Kalaba suka fito da kwalaye a kan shugaban sashensu har aka gurfanar da shi. 'Yar Kano da wuya ta ɗaga kwali, tarbiyyarmu da kunyarmu ba za su bar ta ba, shi ya sa dole ku ne za ku buɗe mata wata hanyar da za ta yi magana ba tare da ta tozarta ba.

Ga abin da muke roƙo, kuma yawancinsa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Mai girma Kwamishina, a fitar da takarda a rubuce zuwa ga kowace makaranta, ta gwamnati da ta kuɗi da Islamiyya, ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da hukumar manyan sakandare da hukumar makarantu masu zaman kansu da ta makarantun Alƙur'ani da Islamiyya, cewa duk shugaban da aka kawo wa ƙorafin lalata da ɗalibi dole ya sanar da ma'aikata da 'yan sanda cikin kwana ɗaya, ya kuma tura yaron asibiti a ranar. A dakatar da malamin daga shiga aji har a gama bincike. A haramta taransifa da ajiye aiki a ɓoye a irin wannan magana. Shugaban da ya danne, na gwamnati ne a sauke shi, mai makarantar kuɗi ne a ƙwace lasisinsa. Wallahi ranar da aka yi wa mutum ɗaya haka aka faɗa a rediyo, sauran za su shiga taitayinsu. Binciken gaskiya kuma shi ne gatan malamin kirki, don in sharri aka yi masa a nan za a wanke shi, ba a bar shi da zargi a ka ba.

A buɗe rajistar malaman da kotu ta kama da wannan laifi, a haɗa ta da wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, ta ƙaddamar ta ƙasa a 2019, a aika sunayensu TRCN a soke musu rajista. Kowace makaranta kafin ta ɗauki malami ta duba, ta kuma nemi takarda daga inda ya baro. A kafa ƙa'ida mai sauƙi wadda kowane yaro zai haddace: ba malamin da zai keɓe da ɗalibi a rufaffen ɗaki, ba lesin na mutum ɗaya bayan an tashi sai da sanin iyaye, ba aiken ɗaliba gidan malami, ba hira da ita a waya da daddare. A kowace makaranta a samu malama mace da aka horar wadda yara za su iya zuwa wajenta, kuma ta zama tana da lambar da za ta kira sama da shugabanta in shi ne matsalar. Shirin AGILE na Bankin Duniya da Kano ke ciki ya shafi karatun 'yan mata ne kai tsaye, a yi amfani da shi wajen wannan horon.

Mai girma Gwamna, a faɗaɗa irin aikin Waraka zuwa manyan asibitocin ƙananan hukumomi, aƙalla kowace shiyya a samu, da magani da ma'aikata mata da mai kwantar wa yaro hankali, don raunin da ke zuciya ya fi daɗewa. A riƙa sanarwa da Hausa a gidajen rediyo, a faɗa wa iyaye kar a yi wanka kar a wanke kaya a tafi asibiti nan take, a roƙi limamai su faɗa a huɗuba, Hisbah ma da ke shiga lunguna ta taya, amma da sharaɗin maganar fyaɗe ba a sulhunta ta, kotu ake kai ta. A sa wa Ma'aikatar Shari'a wa'adin fitar da shawara a kan fayil ɗin yara, a ƙara musu lauyoyi in sun yi kaɗan, a roƙi Babbar Jojin jiha ta ware alƙalan da za su riƙa jin waɗannan shari'u da sauri kuma a keɓe, yarinya ta ba da shaida ba tare da an cika mata kotu da 'yan kallo ba. Kuɗin fayil da na mota da na gwaji gwamnati ta ɗauke wa iyaye.

'Yan majalisa, ku toshe gurbin nan na 'yan shekara 14 zuwa 18, a rubuta ƙarara cewa malami ba shi da hujjar yarda a kan ɗalibin da ke ƙarƙashinsa, a kuma sa hukunci ga wanda ya ɓoye ko ya matsa wa iyaye su janye.

Sai na ƙarshe wanda iyayen suka ce kar in manta da shi. Yaran da abin ya riga ya faru da su a mayar da su makaranta. A ba yarinya damar zaɓar wata makarantar da ba a san ta ba, a ɗauke mata kuɗin makaranta da na jarabawa, a tura wanda zai zauna da uban ya lallashe shi. 'Yar maƙwabciyata har yanzu shekarunta na karatu ne, irinta kuma suna da yawa a gidaje. Muna kuma so duk ƙarshen shekara ma'aikata ta fito ta faɗa wa jama'ar Kano ƙorafi nawa aka kawo, nawa aka kai kotu, nawa aka yanke wa hukunci, ba tare da sunan yaro ko ɗaya ba. In kun shirya zama da iyaye a kan wannan, a kira ƙungiyoyin iyaye da malamai da lauyoyi mata na FIDA da shugabannin Islamiyyu, mu ma za mu zo da waɗanda suka yarda su yi magana a sirrance.

Allah ya ba ku ikon yi, ya tsare mana zuri'a baki ɗaya.

Wassalam,
Wata uwa, a madadin iyaye mata daga cikin birnin Kano.